Ranar da Muka Bar Tsohuwa a Hanyar Ngala

Talata, daga Ajilari zuwa gareji

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba mijina ya tayar da mota daga gidanmu da ke unguwar Ajilari a Maiduguri. An kwana ana yayyafi, titi duk ya jiƙe, babu kowa a kai sai masu shayi da ke hura wuta. Kayana ba su da yawa: jaka ɗaya, takalmin roba na maza da na aro, sai takardun kayan da za mu kai.

Sunana Zara. Ni ce babbar 'yar Alhaji Adam, mai motocin da ke kai kayan agaji garuruwan da rikici ya ɗaiɗaita, wanda kuma mutanensa ke gadin rumbunan da ake ajiye kayan. Shekara shida ina zaune a ofishin kamfaninmu ina tsara wa direbobi tafiya, amma ban taɓa bin su ko sau ɗaya ba. Da Baba ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki, ragamar komai ta dawo hannuna. Ba a jima ba magana ta fara dawo mini cewa Hajja Zara ta san hanya, amma a takarda. Ban ji haushi ba, don gaskiya suka faɗa. Ana cikin haka wata ƙungiyar agaji ta ba mu kayan gaggawa zuwa Ngala, inda amai da gudawa suka ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira. Na ce wannan karon da ni za a je.

Mun biya ta gidan Baba a unguwar Gamboru. Na same shi a zaune kan darduma, an jingina shi da matashi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce masa yau ce tafiyar. Ya daɗe yana kallona. Maganarsa ta yi nauyi tun da ciwon ya same shi, sai an saurara sosai ake ganewa.

"Ki ji maganar Modu a kan hanya," ya ce. "Ki ji maganar Bitrus a kan daji. Idan sun saɓa, ke za ki yanke."

Biyar da kwata muka isa garejinmu da ke bayan Kasuwar Shanu. Manyan motoci huɗu a jere, an ɗaure tamfol tun jiya, ga ƙaramar hilos ɗin da zan shiga. Mu goma sha ɗaya ne: direbobi huɗu da mataimakansu huɗu, direban hilos, Saje Bitrus mai kula da tsaronmu, da ni. Uku daga cikin motocin hatsi ne da mai da wake. Ta huɗun ita ke ɗauke da magani, katan-katan na ledojin ƙarin ruwa da gishirin haɗi, da bokitai da sabulu.

Wannan ta huɗun ita ce Tsohuwa. Gingimari ce mai bodin katako, an zana jar saniya mai dogayen ƙaho a ƙyauren bayanta. Da ita kamfanin ya fara. Baba makiyayi ne tun tasowarsa, cikin garke ya girma. Wata shekara da shanu suka yi ta mutuwa, ya sayar da ragowar nasa ya shigo gari, ya zama dillali a Kasuwar Shanu. Da ya ɗan samu hali sai ya sayi wannan mota don kai shanu Kudu, ya ɗauki wani saurayi Babarbare ya tuƙa masa. Saurayin nan shi ne Ba Modu, wanda yanzu gemunsa ya yi fari fat, kuma har yau babu wanda ke taɓa sitiyarin Tsohuwa sai shi.

"Wushe, Zara," ya gaishe ni da Barbarci da ya gan ni. Shi kaɗai ke kirana da sunana a garejin, don a kafaɗarsa na girma. Ya kalli takalmin robana ya yi dariya. "Wannan na waye? Ko kamun kifi za mu?"

"Ba Modu, kai ka ce mini akwai laka."

"Akwai kam. Za ki gan ta."

Muna, ƙarfe shida da rabi zuwa goma

Shida da rabi muka shiga layi a Muna, bakin gari, inda duk mai son bin hanyar Dikwa ke jira sai sojoji sun buɗe hanya sun yi masa rakiya. Mun tarar da motoci sun fi hamsin, manya da ƙanana, bas-bas cike da fasinjoji, wasu da buhuna har kan rufi. Aka duba takardunmu, aka ɗaga tamfol aka leƙa. Sannan aka shiga jira.

Na sayi ƙosai da kunun gyaɗa na zauna a inuwar Tsohuwa. Ba Modu ya zauna kan matakalar ƙofarta yana shan shayi. A nan ya ba ni labarin yadda muka koma aikin agaji, wanda ni a gutsure kawai na san shi.

Da rikici ya yi tsanani, hanyoyi suka rufe, cinikin shanu ya tsaya cik. Lokacin motocin Baba uku, dukansu suka kwanta a gareji har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. Sai ƙungiyoyin agaji suka cika gari suna neman wanda zai kai musu hatsi garuruwan da aka ƙwato. Masu motoci da yawa suka noƙe, kuma babu mai ganin laifinsu.

"Alhaji ya tara mu a garejin nan," in ji Ba Modu. "Ya ce ba zai tilasta wa kowa ba. Ya ce amma mutanen da ke can su ne suka sayar masa da shanu shekara da shekaru, ya ci abinci a gidajensu. Na ce to ni zan je. Kwana uku muna wanke kashin shanu daga bodin nan, Zara. Baturiyar da ta zo duba motar sai da ta toshe hanci, amma ta sa hannu."

Ƙarfe goma saura minti biyar motar sojoji ta wuce gaba, aka ɗaga hannu, injina suka tashi gaba ɗaya.

Daga Muna zuwa Dikwa

Daga Maiduguri zuwa Dikwa kamar kilomita casa'in ne. A takarda na saba rubuta awa uku. A ranar awa biyar muka yi. Ana tafiya ana tsayawa, sojoji su sauka su duba gefen titi, a sake tashi. Dama da hagu gonaki ne da kufai, wani wurin gero ya yi kore shar, wani wurin bangon laka ne kawai babu rufi.

Saje Bitrus na zaune a gaban hilos, ni ina baya. Tsohon soja ne, mutumin kudancin Borno, gajere mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana. Shi ne shugaban sashen tsaronmu. Mutane na jin an ce tsaro sai su zaci bindiga. Mu doka ba ta ba mu riƙe bindiga ba, wannan aikin soja ne. Tsaronmu shi ne ido da kunne da sanin mutane. Saje yana da wanda yake kira a kowane gari, mai shayi, ko direba, ko ungozoma, kuma kafin mota ta bar gareji ya san abin da ya kwana a hanya.

Mun tsaya Mafa ƙarfe sha biyu da rabi, aka yi salla, aka sake bincike. Bayan mun wuce da kamar rabin awa, Saje ya nuna mini wata tsamiya a hannun hagu.

"Hajja, nan ne wurin Ari."

Na san sunan. Ari direbanmu ne a shekarar farko ta aikin agaji. Motarsa ta lalace a nan, ayari ya wuce, shi kuma ya ce zai tsaya da ita har makanike ya zo washegari. A lokacin babu wanda ya ga aibun haka, don haka direbobi suka saba yi tun zamanin shanu. Washegari aka tarar mutanen daji sun kwashe hatsin, sun kashe shi. Ba Modu ne ya ɗauko gawarsa.

"Bayan sati ɗaya Alhaji ya zo gidana," in ji Saje. "Na yi ritaya ke nan, ina kiwon kaji. Ya ce shi ya san shanu, ya san mota, amma bai san yaƙi ba. Ya ce in zo in koya masa. Na ce da sharaɗi ɗaya: daga yau ba a barin mutum a hanya saboda ƙarfe. Ya ce shi ma abin da ya kawo shi ke nan."

Tun daga ranar ba mu sake rasa mutum ba. Na sha rubuta wannan magana a takardun neman aiki, amma sai da na ga tsamiyar nan da idona na san nauyinta.

Dikwa, kwanan farko

Ƙarfe uku da 'yan mintuna muka shiga Dikwa. An ce ayarin Ngala sai gobe, don haka muka kai motoci rumbunmu. Babban fili ne da katanga, da tantuna biyu manya na ajiye kaya. Masu gadinmu takwas suka fito tarye cikin shuɗin kayansu, fes da su. Dukansu 'yan garin ne da ƙauyukan kewaye, waɗanda suka yi gudun hijira suka dawo. Haka Baba ya tsara tun farko, ya ce wanda 'ya'yansa za su ci hatsin ya fi kowa sanin yadda zai tsare shi.

Matar shugaban masu gadin ta kai ni ɗakinta, ta kawo mini burabusko da miyar kuka da man shanu. Ta yi ta ba ni haƙuri wai babu nama. Na ci har na ji kunya. Kafin magariba Saje ya kira Ngala, ya dawo ya ce ma'aikaciyar jinyar da ke asibitin sansanin ta ce ledojin ƙarin ruwan da suka rage musu ba za su wuce gobe ba, kuma marasa lafiya na ta ƙaruwa. Ba Modu ya ɗaga kai ya kalli gabas, inda hadari ke haɗuwa.

Laraba, tsakanin Gajibo da Logomani

An yi ruwa kafin asuba. Ƙarfe tara da rabi ayari ya tashi. Daga Dikwa zuwa Ngala bai fi kilomita hamsin ba, amma nan ne ƙasar firgi, baƙar laka mai danƙo wadda idan ta sha ruwa take riƙe taya kamar hannu. Muddin ana kan kwalta babu damuwa. Damuwar ita ce wuraren da kwalta ta yanke.

Sha ɗaya da minti ashirin, bayan mun wuce Gajibo, muka iso wani kwalbati da ya rufta. Dole kowace mota ta sauka gefe, ta yi kamar taku ɗari cikin laka, ta sake hawa titi. Motocinmu uku na hatsi suka wuce da ƙyar, suna gurnani, suka bar ramuka masu zurfi a bayansu. Tsohuwa ce ta biyo. Ta kai tsakiya, tayoyin baya suka nutse. Ba Modu ya ja baya, ya sake ba ta wuta. Sai muka ji wata ƙara, ƙwas, kamar an karya itace, injin na ta ihu amma tayoyin ba sa motsi.

Na sauka na shiga lakar har gwiwa. Ba Modu ya riga ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi. Da ya miƙe, fuskarsa ta gaya mini kafin bakinsa.

"Furofela ce," ya ce, yana nufin dogon ƙarfen da ke juya tayoyin baya. "Ta karye."

Aka ɗaura sarƙa a ɗaya daga cikin motocin hatsi aka ja. Tsohuwa ta ɗan girgiza, sarƙar ta tsinke. Ƙananan motoci suka fara zagaye mu ta gefe suna hawa titi suna tsayawa, don ayari ba ya rabuwa. Hafsan da ke jagorantar rakiyar ya tako ya same mu. Matashi ne, ya yi magana da ladabi amma babu wasa a ciki.

"Wa ke da motar nan?"

"Ni ce," na ce.

"Hajiya, wurin nan ba wurin tsayawa ba ne. Ga daji a bayanku, ga hadari. Ina da mutane sama da ɗari biyu a wuyana. Na ba ki minti arba'in, daga nan zan tafi da duk wanda ya shiga mota."

Saje ya ce a kwashe maganin a zuba a kan motocin hatsi, a bar Tsohuwa. Ba Modu ya ce a kwashe maganin, wannan daidai ne, amma shi ba zai tafi ba.

"Ku tafi da kayan. Ni zan zauna da ita. Jibi ayari zai dawo, ku zo mini da furofela da makanike. Ba yau na fara kwana a daji ba."

"Modu, ka san doka," in ji Saje.

"Doka ta yaran yanzu ce. Shekara talatin da wani abu ina tare da motar nan. Me zan je in ce wa Alhaji?"

Duk suka juyo suna kallona, direbobi da mataimakansu. Na ce a fara sauke magani tukuna. Muka kwance tamfol, muka yi layi daga Tsohuwa zuwa titi. Mu goma sha ɗaya ne, katan ya fi ɗari biyu, kowanne da nauyi, laka kuma na cire wa mutum takalmi. Bayan minti goma na duba abin da muka kwashe, na san ba za mu gama ba.

A lokacin ne wata dattijuwa ta sauko daga wata bas ɗin fasinja. Siririya ce, ta yafa jan lafaya, tana dogara sanda. Ta tako har bakin lakar ta tsaya tana kallon zanen saniyar nan da ke bayan Tsohuwa. Sai ta ɗaga murya.

"Wannan motar ta ɗauke ni! Wallahi ita ce. Shekarar gudu ita ta ɗauke ni da jikokina huɗu!"

Ta juya ga bas-bas ɗin ta shiga yi musu magana da Barbarci, da ƙarfi, tana buga sandarta a ƙasa. Ina jin Barbarci daidai gwargwado. Cewa take yi, ku maza kuna zaune kuna kallo, maganin 'ya'yanku ne a cikin laka, kuma motar da ta ɗauki iyayenku ce. Wani mutum mai farar hula ya sauko yana naɗe wando. Wasu biyu suka biyo shi. Kafin in ankara mutane sun fi hamsin a cikin lakar, maza da mata, layi biyu, katan na tafiya daga hannu zuwa hannu. Har sojoji biyu suka rataya bindigoginsu a baya suka shiga layi. Da saman motocin hatsi ya cika, fasinjoji suka ce a ba su, za su riƙe a cinya. Saje ya tsaya a bakin titi yana rubuta lambar kowace mota da abin da ta ɗauka.

Saura minti bakwai aka sauke bokiti na ƙarshe. An fara yayyafi. Ba Modu ya hau ya zauna a mazauninsa, ya rufe ƙofa.

Na taka matakalar na riƙe madubi. Ban taɓa ɗaga masa murya ba a rayuwata, kuma ranar ma ban ɗaga ba.

"Ba Modu, kai ka ɗauko Ari. Ni kake so in zo jibi in ɗauko ka?"

Bai kalle ni ba.

"Baba ya ce idan kun saɓa da Saje ni zan yanke. To na yanke. Abin da za a gaya wa Baba kuma ni zan gaya masa, ba kai ba. Ka yi wa Allah ka sauko."

Ya daɗe hannunsa na kan sitiyari. Sannan ya zare makulli, ya ciro carbinsa da ke rataye a madubi, ya sauko. Ya ce wa mataimakinsa ya cire batir, shi kuma ya kwance maƙogwaron tanki ya bar man ya tsiyaye a laka, don kada wani ya amfana da shi. Ya dafa bodin katakon sau ɗaya, ya juya.

"Mu je, Hajja," ya ce.

Ngala

Ƙarfe biyu da rabi muka shiga Ngala cikin ruwan sama. Kai tsaye asibitin sansanin muka nufa, motocin fasinja na biye da mu. Aka tattara katan-katan, Saje ya duba takardarsa, babu ko ɗaya da ya ɓata. Ma'aikaciyar jinyar, wata doguwar mata da idanunta suka yi ja don rashin barci, ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta yage katan na farko a gabanmu ta kwashi ledoji ta ruga ciki. Na leƙa tantin. Gadaje a jere, wasu marasa lafiyar a kan tabarma, an rataye ledojin da suka kusa ƙarewa a jikin igiya. Na ga ta cire wata busasshiya daga kan wata mata mai ciki ta maye da tamu. Na fito na jingina da hilos, laka har ƙugu, takalmin roba ƙafa ɗaya ya tafi, na yi kuka ban damu da wanda ke kallo ba.

Dattijuwar nan, Ya Kaltum sunanta, ta ce ba zan kwana ko'ina ba sai gidanta. Tana zaune a Gamborun Ngala, ba Gamborunmu ta cikin Maiduguri ba, kusa da gadar da ke tsallakawa Fotokol ta ƙasar Kamaru. Ta ba ni ruwan zafi da zane, ta dafa tuwon dawar masakwa da miyar bandar kifi. Muna ci ta ba ni labarin. A shekarar da garuruwa suka faɗi, sun yi kwanaki suna tafiya a ƙafa, ita da jikokinta, har ƙafafunsu suka fashe. Kafin su kai Mafa suka ga wata motar shanu ta fito daga wajen Maiduguri, ita kaɗai a kan titi, alhali kowa gudu yake yi zuwa cikin gari. Ta tsaya, aka kwashi tsofaffi da mata da yara har ba wurin tsayawa. Ba a karɓi ko sisi ba. An gaya mata motar ta yi ta zuwa tana komawa har ranar da aka rufe hanyar.

Lokacin ina makaranta a Kano. Babu wanda ya taɓa ba ni wannan labari, ko Baba, ko Ba Modu.

Ranar Alhamis babu ayari. Aka sauke hatsi a rumbu, na zagaya na gaisa da masu gadinmu na can. Da la'asar ma'aikaciyar jinyar ta aiko a ce mini matar nan mai ciki ta tashi zaune, har ta sha kunu.

Juma'a, komawa gida

Ƙarfe takwas ayari ya tashi, kuma da yake motoci babu kaya, aka ce a yini ɗaya za mu kai Maiduguri. Ba Modu ya shiga hilos tare da mu. Tara da kwata muka iso kwalbatin. Tun daga nesa muka hango ta. Bodin katakon ya ƙone ƙurmus, tayoyin sun narke, sai baƙin ƙarfe a tsaye cikin laka. Ba a tsayawa a wurin, direbanmu dai ya rage gudu. Ba Modu ya yi salati a hankali. Muka hau kwalta. Can sai ya ce, "Ko ɗigon mai ba su samu ba," ya goge fuskarsa da hularsa.

Mun yi sallar azahar a Dikwa, muka wuce Mafa ƙarfe uku, muka shiga Muna biyar saura kwata. Na sallami mutane a gareji, na ce wa Ba Modu ya raka ni Gamboru. Da muka isa ya toge a zaure, ya ce in shiga tukuna.

Baba na tsakar gida a kan kujerarsa. Na durƙusa na gaya masa komai yadda ya faru, ban rage ba. Da na zo kan ƙonewar Tsohuwa ya rufe ido. Na jira.

"Maganin ya kai?"

"Ya kai, Baba. Duka."

"Modu fa?"

"Yana zaure. Ya kasa shigowa."

"Kira shi."

Ba Modu ya shigo ya tsuguna, kansa a ƙasa, ya ajiye makullin Tsohuwa a gaban Baba. Baba ya miƙa hannunsa mai lafiya ya kama nasa.

"Modu, ashe ka tsufa. Ka fara jin magana."

Ba Modu ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. Ni kuma na ga dama ta samu, na ce, "Baba, na haɗu da wata Ya Kaltum a hanya. Ta ce motarka ta ɗauke ta a shekarar gudu. Me ya sa ba ka taɓa gaya mana ba?"

Baba ya kau da kai. "Mota ce ta ɗauke su. Modu ya tuƙa. Ni ina gida ina shan shayi."

"Alhaji, a ji tsoron Allah," in ji Ba Modu. "To wane ne ke zaune a gefena? Wane ne ya ba wata tsohuwa kujerarsa ya hau kan rufi tun daga Mafa har Muna?"

Baba ya ce a kawo wa Modu abinci.

Mijina ya zo ya ɗauke ni, muka isa Ajilari ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, mu goma sha ɗaya, babu wanda ya yi ko ƙwarzane. Na gode wa Saje Bitrus da direbobinmu da masu gadinmu na Dikwa da Ngala, da hafsan da ya ba mu minti arba'in ya kuma cika su, da fasinjojin da ban san sunayensu ba. Ya Kaltum kuma, Allah ya ƙara mata lafiya, ya raya mata jikokinta.